Tring ko Wye: Wace Hanya Za Ka Taka Idan Hunturun Ingila Ya Janye?

Daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Mayu karkarar kudancin Ingila takan cika ta batse. Tumaki sun haihu, alkamar da aka shuka tun kaka ta yi kore shar, gonakin kanola sun rufe da fure ruwan ɗorawa, itatuwan tuffa sun yi fari. A cikin kurmi kuma wani shuɗin fure da ake kira bulubel yakan malale ƙasa iya ganinka. Shi wannan fure ba ya jiran kowa. Makonni uku ne zuwa huɗu, da ganyen manyan bishiyoyi ya haɗe a sama ya tare masa rana, shi ke nan sai baɗi.

Wanda ke zaune a Landan ko kewayenta, ɗalibi ne ko ma'aikaciyar asibiti ko magidanci mai yara, da wuya ya samu fiye da Asabar ɗaya ko biyu a cikin wannan ɗan tsakani. Ga kuɗin jirgin ƙasa ba ya wasa da aljihu. Saboda haka gara mutum ya san inda zai dosa tun kafin ya ɗaura takalmi. Hanyoyi biyu zan ɗora a sikeli. Dukkansu ana zuwa a jirgin ƙasa ba sai da mota ba, kuma ana gamawa a yini guda a kwana a gida. Ta farko tana arewa maso yammacin Landan, a tuddan Chilterns: ka sauka a tashar Tring, ka zagaya ta tudun Ivinghoe Beacon da dajin Ashridge, ka dawo tashar da ka baro. Ta biyu tana kudu maso gabas, a yankin Kent: ka sauka a ƙauyen Wye, ka ratsa gonaki da dajin King's Wood, ka ɓulla ƙauyen Chilham ka hau jirgi daga can.

Akwai wani tsoro da ke hana da yawa daga cikinmu fita, gara a kawar da shi tun yanzu. Baƙo yakan ga shinge da ƙofar gona sai ya ja da baya, kada a ce ya shiga gonar mutane a kira masa 'yan sanda. A Ingila da Wales akwai hanyoyin ƙafa na jama'a da tsawonsu ya kai kimanin mil 140,000, da yawansu ta tsakiyar gonaki suka bi, kuma doka ce ta ba ka ikon takawa. Kamar burtali ne a wajenmu, sai dai nan kowanne an zana shi a taswirar hukuma, kuma manomi ba shi da ikon toshe shi ko da alkama ya shuka a kai. Kibiya ruwan ɗorawa a jikin gungume tana nufin hanyar masu ƙafa ce kaɗai. Shuɗiyar kibiya tana nufin har da masu doki da masu keke. Farin hoton ɗan itace mai 'yar hula a ka kuwa alamar manyan hanyoyin ƙasa ce, za ka ci karo da ita a duka tafiyun nan biyu. Ba a banza aka samu wannan 'yanci ba. A 1932 ma'aikatan masana'antu daga Manchester da kewaye suka haura tudun Kinder Scout da gangan don nuna adawa da masu filaye da suka killace shi, aka ɗaure wasu daga cikinsu, kuma wannan gwagwarmaya tana cikin abin da ya haifar da dokar 1949 ta wuraren shaƙatawa na ƙasa da shiga karkara. Abin da ake nema daga gare ka kaɗan ne: ka tsaya a kan hanya, ƙofar da ka tarar a rufe ka rufe ta, wadda ka tarar a buɗe ka bar ta a buɗe, sharar da ka yi ka koma da ita gida.

Ta fuskar zuwa da dawowa, Tring ta yi wa Wye fintinkau. Daga tashar Euston ta Landan jirgi ɗaya ne ba canji, minti arba'in ko ƙasa da haka, kuma jiragen suna da yawa, in wannan ya wuce ka ba za ka daɗe ba wani zai zo. Tashar ba a cikin garin Tring take ba, tana can waje da kusan kilomita biyu da rabi, kuma wannan alheri ne ga mai tafiya, domin kana fitowa ka shiga karkara, babbar hanyar ƙafa ta Ridgeway ta bakin tashar ta wuce. Sai dai ka sayo ruwanka da guzurinka tun daga Landan. Wye kuwa sai ka zaɓa tsakanin lokacinka da kuɗinka. Jirgi mai gudu daga St Pancras yana kai ka Ashford a ƙasa da minti arba'in, ka canza ka ƙara tasha ɗaya, amma tikitinsa ya fi tsada. Na gargajiya daga Charing Cross ko London Bridge ya fi sauƙi, sai dai zai ci maka wajen awa ɗaya da rabi. Wye da Chilham ƙananan tashoshi ne, sau da yawa jirgi ɗaya ne a awa. Idan ka iso Chilham da yamma a gajiye ka ga bayan jirginka, sai zaman jira a benci cikin sanyi. Rubuta lokutan jiragen dawowa tun da safe.

Zagayen Tring cikakke ya kai wajen kilomita 16, awa biyar zuwa shida idan an haɗa da hutawa. Da farko hanyar takan haura ta cikin kurmin Aldbury Nowers, sannan ta fito fili a kan tudun Pitstone, inda babu komai sai gajeriyar ciyawa da tumaki da iska. Ƙasan wurin alli ne, za ka gan shi fari a duk inda ƙafa ta cinye ciyawa. Daga nan sama kana hango kwarin Aylesbury a shimfiɗe, gonaki kore da ruwan ɗorawa an yanka su gida-gida da shinge. A tsakiyar wata gona akwai tsohon injin niƙa mai aiki da iska na Pitstone, wanda aka samu shekarar 1627 a rubuce a jikin katakonsa, yana cikin mafiya tsufa a Birtaniya. Hawan ƙarshe shi ne Ivinghoe Beacon, mita 233 sama da teku. Nan hanyar Ridgeway ta ƙare bayan mil 87 daga kusa da Avebury, hanya ce da matafiya da makiyaya suka yi dubban shekaru suna bi saboda kan tudu ya fi kwari bushewa. Idan ka duba gabas za ka ga hoton wani ƙaton zaki fari da aka sassaƙa a jikin tudun Whipsnade a 1933. A sama kuma shirwa mai jan jiki da wutsiya mai baki biyu tana ta shawagi. An taɓa ƙarar da irinta a Ingila, sai daga 1990 aka riƙa kawo 'ya'yanta daga Sifaniya ana saki a waɗannan tuddai, yau ga ta ko'ina.

Daga nan sai ka juya kudu ka shiga dajin Ashridge, eka 5,000 da ƙungiyar adana karkara da wuraren tarihi ta National Trust ke kula da shi tun 1926. Yawancin bishiyoyinsa irin da ake kira bic ne, dogaye masu santsin jiki ruwan toka, kuma a ƙarshen Afrilu sabon ganyensu yana da wani kore mai haske da ba ya wuce 'yan kwanaki kafin ya yi duhu. Akwai garken barewar Turai, in ka yi shiru za ka gan su suna tsallaka hanya. A tsakiyar dajin akwai hasumiyar Bridgewater da aka gina a 1832 don tunawa da basaraken da ya buɗe zamanin haƙa magudanan jiragen ruwa a Ingila. Matakala 172 gare ta, ana barin mutane su hau a wasu ranaku. Daga gindinta hanya ta gangara ƙauyen Aldbury mai tafki a tsakiya, sannan ka ratsa 'yan gonaki ka koma tasha.

Ta Kent ta fi gajarta, kilomita 12 zuwa 13, kuma miƙaƙƙiya ce, ba zagaye ba. Ƙauyen Wye kansa yana da alaƙa da mu. Nan ne mazaunin tsohuwar Kwalejin Wye, wadda aka kafa a 1447 a matsayin makarantar limaman coci, daga baya a 1894 ta koma kwalejin aikin gona, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Landan. Ɗalibai da dama daga Afirka, har da Najeriya, sun yi karatun noma da tattalin arzikin karkara a nan kafin a rufe ta a 2009. Ɗaliban kwalejin ne suka sassaƙa hoton kambin sarauta a jikin tudun da ke bayan gari a 1902 don naɗin Sarki Edward na Bakwai. Idan ka fara tafiya ka waiwaya za ka gan shi fari a saman gari.

Daga tasha babbar hanyar ƙafa ta North Downs Way takan nufi yamma ta cikin gonaki kai tsaye. Ka ratsa gonar tuffa ta Perry Court, ka tsallaka babban titi da hattara, ka bi gefen gonakin hatsi, kafin ka kai Boughton Lees hanyar ta rabu biyu. Nan ne wurin da ake ɓata: reshen da ya nufi Canterbury za ka ɗauka, wanda ya karkata arewa maso gabas. Zai kai ka tsohon cocin Boughton Aluph da ke tsaye shi kaɗai a cikin gonaki, sannan gonar Soakham, sannan hawa ɗaya mai ɗan wuya zuwa bakin dajin King's Wood. Hawan ke nan na gaske a duk tafiyar. Da ka shiga dajin sai miƙaƙƙiyar hanya mai sauƙi ta kilomita da dama, har ta gangara da kai wani ɗan titi da ke bin katangar gandun gidan sarautar Chilham, wanda aka gina a 1616. Dandalin ƙauyen yana kewaye da tsofaffin gidaje masu baƙin katako da farin bango. Wannan ita ce hanyar da masu ziyarar ibada na Kirista suka riƙa bi zuwa Canterbury bayan kashe babban limami Thomas Becket a 1170. Daga dandalin zuwa tasha akwai sauran tafiyar minti goma sha biyar, kada ka manta da ita a lissafi.

Babban bambancin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne wannan. A Tring kallon gona kake yi daga sama. A Wye cikinta kake ratsawa. Mafi yawan zagayen Tring a kan tudun kiwo ne da cikin daji da ake kula da shi don masu yawon buɗe ido, gonar hatsi sai dai ka hango ta a ƙasa ko ka taka kaɗan a farko da ƙarshe. A Kent kuwa alkama tana goga maka ƙafa ta dama da hagu. Za ka ga layukan da tayar tarakta ta bari a tsakiyar shuka, waɗanda ake bari da gangan don a riƙa bi ana zuba taki da feshi ba tare da an tattake hatsi ba. Za ka ga yadda ake dasa tuffa gajeru a jere a ɗaure da turaku don a samu sauƙin tsinka. Za ka ga gonar wake tana fure, da wadda aka shuka sha'ir a makare bai daɗe da tsirowa ba, za ka wuce ta harabar gona ta gaske mai rumbun ƙarfe da tarin ciyawar dabbobi da warin taki. Duk wanda ya tashi yana zuwa gona da iyayensa, ko ya karanta aikin gona a Samaru ko Maraɗi, zai tsaya sau goma yana duba ƙasa da tazarar shuka, yana lissafi a ransa. Na san da yawa daga cikinmu ba furen ne ke fitar da mu ba. Kewar gona ce, da son ganin ƙasa tana aiki bayan watanni shida na kwalta da bene da duhun ƙarfe huɗu na yamma. Mai irin wannan ƙishi, Kent ce za ta kashe masa shi.

Dazukan ma halinsu ya bambanta. Idan kyan gani ake magana, da hoton da za a tura wa 'yan'uwa a gida, Ashridge ya fi. Akwai wani ɓangare da ake kira Dockey Wood, bishiyoyinsa a jere suke, ƙasansa babu sarƙaƙiya, shuɗin furen ya cika shi bango zuwa bango. Amma kowa ya san da shi. Ranar Asabar ko Lahadi da rana ta fito, motoci sukan cika gefen titi, mutane su yi ta tururuwa, har ta kai an ja igiya a gefen hanyoyin don a daina tattake furen, kuma an taɓa karɓar ɗan kuɗin shiga a wasu ranakun ƙarshen mako. Ban ga laifinsu ba. Kusan rabin wannan fure na duniya duka a Birtaniya yake, yana ɗaukar shekara biyar zuwa bakwai daga iri kafin ya fara fure, kuma idan aka taka ganyensa yakan yi shekaru bai farfaɗo ba. Dokar kare halittun daji ta 1981 ta hana tono shi. Yana da guba kuma, a kula da yara masu kai komai baki. Wanda ya shiga tsakiyarsa ya zauna don a ɗauke shi hoto ya lalata abin da ya girme shi, don Allah kada a gan mu cikin masu yin haka.

King's Wood eka 1,500 ne a hannun hukumar gandun daji ta Forestry England, kuma daji ne da ake aiki a cikinsa. Babban ɓangarensa itacen cesnot ne da ake sarewa daga gindi duk bayan shekara goma sha wani abu, a yi turakun shinge da shi, kututturen ya sake tofo da rassa da yawa. Saboda haka ba ko'ina ne mai kyan gani ba. Za ka wuce wurin da aka sare kwanan nan, ga tarin gungume ga sawun manyan motoci. Amma daidai inda aka sare ɗin nan rana ke samun shiga, shekara ɗaya ko biyu bayan haka furanni su yi ta fitowa. Inda hanyar ta bi ta cikin bishiyoyin bic, bulubel ɗinsa bai gaza na Ashridge da wani abin a zo a gani ba, kuma babu igiya, babu layi. Yawancin masu zuwa da mota suna tsayawa ne ta ɓangaren Challock, can nesa da inda za ka bi. Kana iya yin rabin awa ba ka haɗu da kowa ba sai tsuntsaye.

Su ma tsuntsayen wasu baƙi ne irinmu. Tsattsewar da za ka gani tana shawagi a kan gonaki a Afrilu daga kudancin Afirka ta taso, ta ƙetare Sahara. Tsuntsun kuku kuwa, tun 2011 masu bincike na British Trust for Ornithology suke maƙala wa wasunsu na'ura, suka gano a dazukan Kwango suke yin hunturu, kuma ta sararin Chadi da Najeriya da Kamaru da yawansu ke bi. Sun ragu ƙwarai a Ingila, wanda ya ji kukansa ya yi sa'a.

Wannan kaɗaicin na Kent yana da farashinsa, kuma a nan ne nake ja wa mai iyali kunne. Daga Boughton Aluph har Chilham babu shago, babu banɗaki, babu famfo, babu wata tashar mota da za ka fake da ita. Idan yaro ya gaji a tsakiyar King's Wood, ko takalmi ya ji wa uwargida ciwo, ba ku da zaɓi sai ku ci gaba ko ku koma. Tring kuwa ana iya yanke ta yadda ake so. Mai ƙananan yara, ko wanda ya zo da Hajiya ko Baba da suka kawo ziyara, ba sai ya je Ivinghoe Beacon ba: daga tasha zuwa Aldbury kilomita ɗaya da rabi ne, daga nan a haura zuwa hasumiya a hankali, a zaga cikin daji, a dawo. Duka bai fi kilomita shida ba. A gindin hasumiyar akwai banɗaki da wurin shan shayi da filin da yara za su yi gudu. Hawan daga Aldbury yana da tsayi, dattijo zai buƙaci tsayawa sau biyu ko uku, amma gajere ne.

Batun salla ma a yi masa shiri, domin azahar a hanya za ta same ka. A ƙarshen Afrilu tana shiga wajen ƙarfe ɗaya, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan takwas, don haka lokaci yana da yalwa. Babu masallaci a waɗannan ƙauyuka. Ka riƙe ruwan alwala daban da na sha, da 'yar darduma mai ledar ƙasa saboda ciyawa takan kwana da raɓa har hantsi. Alƙibla daga wannan yanki tana kudu maso gabas, wajen digiri 119 a kamfas. A Ashridge alwala ta fi sauƙi saboda banɗaki, amma sai ka ɗan nisanta kafin ka samu inda ba a kai da kawowa. A King's Wood ko'ina ka ratse gefe ka samu natsuwa. Abinci kuwa, abin da ke akwai a ƙauyukan mashaya ce mai sayar da abinci da ɗan shagon shayi. Kada ka sa ran naman halal. Dafa naka ka zuba a kula, ka cika fulas da shayi.

Taɓo yana nan a duka biyun, kada hasken rana ya ruɗe ka. Kan tudun alli yana saurin bushewa amma yana da santsi idan ya jiƙe, musamman gangaren Ivinghoe Beacon. Cikin daji kuwa laka ce mai danƙo, takan yi mako ba ta bushe ba bayan ruwa. Gonakin Kent da aka yi wa huɗa sun fi muni, laka takan manne a takalmi har ƙafa ta yi nauyi. Takalmin tafiya mai taurin ƙasa ake so, ba farin kambas na zuwa gari ba. Zafin Afrilu yakan tsaya wajen digiri 13 zuwa 15, amma a kan tudun Pitstone iska tana ratsa ƙashi, Tring ta fi buƙatar rigar iska. 'Yan'uwa mata masu doguwar riga, a sa wando mai kauri a ciki a ɗan ɗage rigar daga ƙasa, saboda laka da wata ciyawa mai ƙaiƙayi da ke cika gefen hanya, da kuma matakalan katako da ake haurawa a wasu shingaye. Akwai kaska a duk dajin da barewa take, kuma tana iya ɗauke da cutar Lyme. A cusa ƙafar wando cikin safa, a duba jiki da na yara idan an koma gida, in an ga jan zobe yana faɗaɗa a fata a ga likita. Hukumomin lafiya suna gargaɗin mai juna biyu ta nisanci tumaki masu haihuwa da jariransu. Saniya mai ɗan maraƙi kuma ba abar wasa ba ce ko ga wanda ya saba da shanu, kada ka shiga tsakaninta da ɗanta, ka zagaye ta da nisa ba tare da gudu ba.

Wasu sukan tambaya ko za a riƙa kallonsu. Gaskiya ce, a ƙauyukan nan baƙar fata da mai hijabi ba su da yawa, a Tring dai za ka ga mutane iri-iri saboda kusancinta da Luton da Watford, a Kent kuwa mai yiwuwa ku kaɗai ne. Amma al'adar hanyar karkara ta bambanta da ta Landan: duk wanda kuka yi kiciɓis da shi zai gaishe ka, kai ma ka gaishe shi. Wanda bai son fita shi kaɗai a karon farko, akwai ƙungiyoyi irin su Muslim Hikers da Black Girls Hike da ke shirya fita cikin jama'a.

To, wace za a ɗauka? Wanda bai taɓa irin wannan fita ba, ko yana tare da yara ƙanana ko dattijai, ko kuɗinsa a ƙirge yake, ya tafi Tring, kada ya yi wani dogon tunani. Ya hau jirgin sassafe, ko ya nemi ranar aiki in yana da hali, ya riga taron isa. Amma baligi mai ƙoshin lafiya da zai iya awa huɗu zuwa biyar a ƙafa ba tare da neman shago ba, kuma rana ɗaya tak gare shi a bana, ni Wye zan tura shi. Tsadar tikitin da jiran jirgin sun cancanta, domin zai samu gonar da dajin duka biyu a cikakke, ba tare da turereniya ba.

Kwanan wata ma yana iya yanke hukuncin. Idan ranar hutunka ta faɗo a makon ƙarshe na Afrilu ko na farkon Mayu, lokacin da furen ke kan ganiyarsa, kowacce ka ɗauka ba ka yi asara ba. Idan ta wuce tsakiyar Mayu, furen ya fara yaushi, babban abin da ke jan mutane Dockey Wood ya tafi, alhali gonakin Kent a lokacin suke ƙara cika. Shekarar da hunturu ya yi sauƙi furen yakan riga lokacinsa da mako ɗaya ko biyu, saboda haka a leƙa shafin National Trust na Ashridge kafin a tsayar da rana. Mazauna Manchester da Leeds da Bradford kuma ba sai sun gangaro kudu ba: su sauka a Hebden Bridge su nufi kwarin Hardcastle Crags, can furen yakan ɗan makara, ya kai cikin Mayu sosai.

Kada a dogara da waya kaɗai, sabis yakan ɗauke a cikin daji. Taswirar hukumar zana taswira ta Ordnance Survey mai lamba 181 ita ce ta yankin Tring, mai lamba 137 ta Wye da Chilham, ana iya sauke su a waya tun daga gida ko a sayi ta takarda. Katin rangwame na 16-25 Railcard yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgi, kuma ɗalibi na cikakken lokaci yana iya samunsa ko ya haura shekara 25. Wanda ba ɗalibi ba ya duba Network Railcard, duka tashoshin nan suna cikin yankinsa. Idan kun kai mutum uku zuwa tara ku tambayi rangwamen GroupSave a wajen mai sayar da tikiti. Mai zuwa Kent ya sayi tikitin zuwa da dawowa na Chilham, tunda ita ce ta gaba, ya gaya wa mai sayarwa cewa a Wye zai sauka da safe, don a ba shi irin tikitin da ya yarda da hakan.